Anaruwa da Sawun Dorina

A zamanin da, tun ba a san ƙasar Lanƙwasa da wannan suna ba, kwarin Gulbin Dargaza daji ne na ciyawar burgu da bado, ba mai shigarsa sai wanda ake nema a kashe. Faɗinsa tafiyar yini biyu ce, idan ƙafa ta sami wurin takawa. Gabas da shi duwatsu ne da jigawa, ƙasar gero da dawaki. Yamma kuwa fadama ce shimfiɗe, da damina ruwa har iyakar gani, da rani laka mai tsagewa har ƙafar mutum ta faɗa ciki. Gulbin yana gangarowa daga arewa, sai a tsakiyar kwarin ya karkata gabas kamar zai je gaida duwatsu, ya yi tafiyar rabin yini, sannan ya fasa ya dawo kusa da inda ya baro. A cikin wannan lanƙwasa akwai tudu ɗaya tal mai giginya goma sha ɗaya, kuma a duk kwarin shi kaɗai ne ambaliya ba ta taɓa hawa ba.

Wanda ya fara hura wuta a kan tudun nan wani maharbin dorina ne mai suna Anaruwa. Baƙi ne, gajere, mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. Makaminsa zago, wato mashi mai ƙugiya da doguwar igiya, kuma tsofaffi sun ce yakan nutse a ruwa, a ɗora tukunya a sauke bai fito ba. Kirarinsa har yau yana bakin masunta: Anaruwa na Hantsai, kwana ruwa tashi ruwa, gajere mai dogon zago, namijin da dorina ke kauce wa. Hantsai ɗin nan yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, mace mai kaifin baki wadda ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. 'Ya'yan masunta ne da aka kamo aka kai gandun Sarkin Dutsen Baure a matsayin bayi. Su biyu suka gudo, ba su da komai sai 'yar jar shinkafa da Hantsai ta ƙulle a bakin zane.

Labari ya bi gandaye cewa akwai tudu a bayan ruwa. Aka riƙa zuwa ɗai-ɗai, wani da tabon marin ƙarfe a ƙafa, wata da goyo a baya, har bukkoki suka kai arba'in, aka soma kiran wurin Tungar Anaruwa. Sarkin Dutsen Baure ya aiko da yaƙi shekara uku a jere. To, mutanen dutse jarumai ne a kan busasshiyar ƙasa, wannan ba a musu, amma ruwa a wurinsu abu ne da ake ajiyewa a randa. Dawakinsu suka kafe a laka, mayaƙansu suka sha ruwa har suka ƙoshi, waɗanda suka koma gida ba takalmi suka koma. A shekara ta huɗu sarkin ya gaji. Aka haɗu a bakin gulbi, aka tsoma gatarin aradu a ƙwarya, kowane ɓangare ya sha, aka yi rantsuwa cewa ruwan Dargaza mai gudu shi ne iyaka. Abin da ke gabas da shi na sarki ne, mutum da dabba da tsiro. Wanda ke yamma da shi ɗa ne, ba mai taɓa shi. Duk wanda ya karya wannan, aradu ta nemo shi.

Shekara goma sha biyu aka yi a haka. Shinkafar Hantsai ta yaɗu ta cika gefen lanƙwasar, irin mai tsawo tare da ruwa, in ya hau ta hau. Babbar maƙiyiyarta dorina ce, domin garke ɗaya kan share abincin gida guda a fita ɗaya. Saboda haka ana tsaron gonaki da ganguna da hayaƙi, Anaruwa kuma yana bin garken har gurbinsu. An ƙirga masa dorina sittin da uku da ya kashe.

A shekara ta goma sha uku aka yi ruwan kwana tara ba ɗaukewa. Ran na goma da hantsi aka ji wata irin ƙara daga yamma, doguwa, kamar rushewar ganuwa. Da ruwa ya fara ja, Anaruwa ya shiga kwalekwale ya je ya gani da idonsa. Gulbi ya gaji da zagaye. Ya fasa ɗan wuyan ƙasar da ya haɗa tudun da yamma, ya miƙe kudu ta can. Tsohuwar hanyarsa tana nan cike da ruwa, amma yashi ya toshe bakinta na sama, faɗin taku arba'in, ruwan ciki ya kwanta shiru. Ba wanda ya ɗaga bukkarsa, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya, amma Tungar Anaruwa ta wayi gari a gabas da gulbi.

Ba a yi mako ba jakadan sarki ya iso. Sunansa Barmo, dogo ne mai farar riga da sanyin murya, irin mutanen da ke gaishe ka sau uku kafin su gaya maka abin da zai hana ka cin abinci. Ya tsaya a bakin tsohuwar hanyar ruwa aka fito da kwalekwale aka same shi.

Ya ce, "Maharbi, sarki yana gaishe ka. Ya ce a yi muku barka da dawowa gida."

Anaruwa ya ce, "Ba mu je ko'ina ba."

"Ku ba ku je ba, gulbi ne ya je. Dubi inda yake yanzu, ka dubi inda kuke."

Anaruwa ya nuna ruwan da ke tsakaninsu ya ce, "Ga Dargaza nan a gabanka."

Barmo ya tsinki ɗan kara ya jefa. Karan ya zauna a inda ya faɗi, bai motsa ba. Jakadan ya ce, "Rantsuwa ta ce ruwa mai gudu. Wannan tafki ne. Nan da kwana arba'in ƙasa za ta ɗauki kofato, za a zo a tafi da kayan sarki." Ya lura idon maharbin ya tafi kan yashin da ya toshe bakin ruwan, sai ya yi murmushi. "Na ga inda kake kallo. Abin da hannu ya haƙa rami ne, ba gulbi ba. Ko da yatsa ɗaya wani naku ya tona yashin nan, ku kuka karya rantsuwa. A nan zan kafa rumfata, ni da mutanena, ido ba zai bar wurin ba."

Da yamma aka taru a gindin giginya. Wasu suka ce a haye yamma kawai. Anaruwa ya tambaye su a kan me za su tsaya idan damina ta dawo, tunda babu wani tudu a can sai ruwa. Wasu suka ce a nemi sassauci wajen sarki, sai masu tabon mari suka sunkuyar da kai suna kallon ƙafafunsu, maganar ta mutu. Aka watse ba shawara. Anaruwa ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a gaban dabba ba. Shi ya fara hura wuta a tudun nan, saboda hayaƙin wutarsa mutanen nan suka zo, ga shi kwana arba'in ya rage a mai da su inda suka fito da igiya a wuya.

Kwana uku yana yawo a kwalekwale shi kaɗai. Sabuwar hanyar gulbi ta yanke gaɓa tsaye kamar bango. A daidai bakin yashin kuwa, ta sama, ruwa ya yi gurbi mai zurfi, garken dorina ya tare a ciki. Ran na uku da safe yana tuƙi cikin wani siririn rafi tsakanin burgu, sai ya tsai da kwalekwalen ya ƙura wa rafin ido. Ya san rafin nan tun yana busasshiyar hanya. Ba wanda ya haƙa shi. Dorina ba ta sake hanya, inda ta bi jiya nan za ta bi yau, nauyinta yana danna ƙasa har ta zama kwari, ruwa ya biyo baya. Duk ƙananan rafukan fadama haka aka yi su. Shekara nawa yana bin su yana farauta, bai taɓa tsayawa ya yi tunanin wanda ya yi su ba.

Ya dawo ya tara mutane ya ce a jingine ganguna, a kashe hayaƙi. Gonakin shinkafa suna bayan yashin, dorina suna gabansa. A bar musu hanya, a kuma yanko shinkafa a jera musu a kan yashin daga ruwa zuwa ruwa, kullum a layi ɗaya.

Hantsai ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Auta, ruwa ya shiga kanka ne? Shinkafar da na ɗauko a bakin zanena, ina gudu ƙaya tana yaga ni, ita zan ɗauka da hannuna in kai wa dorina? Saura kwana nawa ta nuna. Me yara za su ci?"

"Bado da kifi, Yaya. Za mu rame."

"Ka ma sani ke nan."

"Na sani. Amma a nan za mu rame. A gandu ai ana ƙoshi, ko kin manta? Tuwo ba ya yankewa a can. Me ya fito da mu?"

Haushi ya cika ta. Ta shiga bukka ta ɗauko lauje. Gonarta ta fara yanka. Ta zaɓi zangarnun da suka fi nuna ta cika ƙwarya ɗaya ta rataye a saman bukka don iri, saura ta ɗaure dami-dami. Mata suka bi ta. Suna tafe a kan yashin da dami a ka, sai su karkata kai su sake shi ya faɗi, ba mai sunkuyawa, don kada a ce hannu ya taɓa ƙasa. Barmo da mutanensa suka yi ta dariya a rumfa, suna cewa tsoro ya sa bayin sarki sun fara yi wa namun ruwa sadaka.

Washegari aka ga sawu. Bayan mako sawun ya zama hanya, bayan mako biyu hanyar ta kai gwiwa, ruwa ya fara leƙowa ta bakinta. Dariyar rumfa ta ragu. Amma gulbi ma ba jira yake ba, kullum yana ja da faɗin yatsa, Anaruwa yana auna shi da sanda. Gonaki kuwa suna ƙarewa. Kowace safiya mata kan je su tsaya a kan abin da jiya gona ne, wasu su yi kuka. Hantsai ba ta yi kuka ba. Takan zagi dorina tun daga uwa har kaka, sannan ta ɗora wani damin a ka.

Ran kwana talatin da shida shinkafa ta ƙare ƙaf. Da ta ƙare, dorina suka daina fitowa. Hanyar ta yi zurfi har ta shanye mutum zuwa kafaɗa, ruwa ya shigo ta sama, ya shigo ta ƙasa, amma a tsakiya akwai wani ƙashin laka mai tauri, faɗin taku huɗu, da ya hana su haɗuwa. Aikin mutum biyar ne da fartanya kafin rana ta take. Mutanen tunga suka yi kwana huɗu suna kallonsa, hannuwansu a hammata.

Ran arba'in da sassafe mutanen sarki suka cika gaɓar gabas, da igiyoyi da maruruwa a kan jakuna. Barmo ya ce idan rana ta yi tsaka za a haye.

Anaruwa ya miƙa wa yayarsa zagonsa. Ta ce, "Ina za ka ba makami?" Ya ce, "Yau rai nake so dorina su yi." Ya ɗauki igiya kawai ya shiga kwalekwale.

Abu ɗaya ne ke fito da garken dorina kan tudu da rana, kuma ba wanda ya fi shi sani, domin shi ne abin da ya yi shekaru yana hana masu koyon farauta. Ya sulale cikin gurbin, ya nutse, ya daɗe. Da ya ɓullo, a bakin hanyar ya ɓullo, yana janye da wani ɗan dorina sabon haihuwa, igiya a wuyansa, yana kuka. Ya ja shi cikin hanyar, ya haye ƙashin lakar da shi, ya kwance igiyar ya tura shi ruwan da ke bayan yashin. Kafin nan uwar ta taso, garken duka a bayanta, goma sha tara, ƙasa tana rawa. Hanyar ba ta da faɗin da za a kauce. Da ya kafa yatsunsa a bangon yashin da ya haye, ba abin wahala ba ne ga mutum irinsa. Waɗanda ke tsaye a sama sun ga ya dubi bangon, ya dubi rumfar jakada, ya naɗe hannuwansa a ƙirji.

Da garken ya wuce, ƙashin lakar babu shi. Ruwan gulbi ya fara silalowa cikin hanyar a hankali. Anaruwa yana kwance a tsakiyar hanyar, an danne shi cikin laka har ƙugu, ƙafafunsa a karye, bayansa jingine da bango. Idonsa biyu. Mutane suka yo kansa.

Ya ce, "Kada wanda ya sauko. Ba a fitar da ni sai an tona. Hannu ɗaya ya shiga lakar nan, sun sami abin faɗa."

Maza suka ƙi ji. Sai Hantsai ta sha gabansu ta gicciya zagon a ƙirjinsu. Ba wanda ya wuce ta.

Anaruwa ya ɗaga kai. "Jakada, ruwan nan gudu yake ko kwance yake?"

Barmo ya matso bakin hanyar ya duba. Ba mugu ba ne tun asali, amma ya san abin da ke jiran jakadan da ya koma Dutsen Baure hannu wofi. Ya ce, "Cika yake yi. Ban ga ya gudu ba tukuna."

Ruwa ya kai ciki, ya kai ƙirji. Anaruwa ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa iri ɗaya. Da ruwan ya taɓa wuyansa, Hantsai ta juyo, muryarta ta yi ƙasa yadda ba a taɓa jin ta ba. "Auta, in sauko?"

"Tsaya inda kike, Yaya." Ya mai da ido kan Barmo. "Ka duba da kyau, jakada. Ni ba sauri nake ba."

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Ruwa ya rufe shi. Jim kaɗan bangon yashin ya fara zubewa da kansa, gefe da gefe, gulbi ya jingino da dukan nauyinsa ya shigo. Ya wanke lakar da ta riƙe maharbin, ya ɗago shi, ya tafi da shi cikin tsohuwar hanya. Ya bi da shi ta gaban rumfar jakada, ta gaban masu igiya da jakunansu, ta gefen gonakin da aka cinye, yana tafe a sama fuskarsa tana kallon rana, har lanƙwasa ta ɓoye shi.

Hantsai ba ta bi shi da gudu ba. Ta tako har gaban Barmo, zago a hannunta, ta ce, "Ƙanena ya tambaye ka sau biyu. Ni sau ɗaya zan tambaya. Gudu yake ko kwance yake?"

Barmo ya dubi ruwan, ya dubi mutanensa. Duk sun gani, kuma babu mai son aradu ta san sunansa. Ya ce, "Gudu yake."

"Ɗaga murya. Na can baya ba su ji ba."

Ya ɗaga. Masu igiya suka juya jakunansu.

An sha yunwa a shekarar nan, yunwa mai tsanani. An ci bado har baki ya yi baƙi, tsofaffi shida ba su ga damina ba. Ba a ga gawar Anaruwa ba, saboda haka ba shi da kushewa. Hantsai ta shuka irin da ke ƙwaryarta, ta rayu har ta ga shinkafa ta sake cika kwarin, ba a kuma sake jin ta zagi dorina ba.

Tun daga wannan rana Dargaza ya rabu biyu, hannu ɗaya ta yamma, ɗaya ta gabas, su haɗu a kudu. Ƙasar da ke tsakaninsu ita ce Lanƙwasa, ƙauyuka tara ne yanzu, Tungar Anaruwa ce uwarsu. Bakin hannun gabas shi ake kira Sawun Dorina. Ba a sa masa fartanya, ba a tona shi da hannu, ko da yashi ya taru har kwalekwale yana gogar ƙasa. Ba a kashe dorina a ƙasar, kuma kowane manomi yana barin layin shinkafar da ke bakin ruwa ba yanka. Ranar da za a fara girbi, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a zuriyar Hantsai takan tsaya a gaɓa, ta fuskanci gabas, ta tambaya ko ruwan gudu yake ko kwance. Jama'a su amsa mata baki ɗaya.

Dutsen Baure ya daɗe da zama kufai, birai ne a inda fada take, babu sauran wanda zai zo da igiya. Duk da haka idan amsar ba ta yi ƙarfi ba, tsohuwar takan ce a sake, na can baya ba su ji ba.